Hafsan Yaƙi a Rundunar Mayaƙan Ruwa: Fannoninsa da Matakansa

Ɗan makarantar da ya tashi a Yargoje, cikin ƙasar Ƙanƙara, ko a Faskari ko Sabuwa, zai yiwu ya kammala sakandare bai taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsa faɗi ba. Saboda haka akan ɗauka aikin sojan ruwa na mutanen bakin teku ne kaɗai. Wannan zato kuwa kuskure ne, domin abin da ke yin hafsan jirgin yaƙi shi ne ilmi da horo, kuma ƙofarsu a buɗe take ga ɗan kowace jiha.

Da farko dai, tekun da ake gani da nisa yana da hannu cikin tattalin arzikin ƙasar Katsina. Riɗin da manomi ya sayar yakan bi ta tashar jiragen ruwa kafin ya kai kasuwannin duniya, injuna da magunguna su ma ta can suke shigowa. Dalili ke nan da ya sa aka buɗe tashar tsandauri a Funtuwa cikin 2024. Gaɓar tekun Nijeriya ta kai kilomita 853, kuma ƙasar tana da hakkin dukiyar da ke cikin ruwa har nisan mil 200 na awon teku. Tsaron wannan fage shi ne aikin rundunar da aka kafa cikin 1956, wadda ta sami shugabanta ɗan ƙasa na farko, Kwamado J. E. A. Wey, cikin 1964.

Hafsoshin rundunar sun kasu rassa-rassa. Akwai injiniyoyi, da masu kula da kaya da kuɗi, da likitoci, da malamai. Amma reshen da ake danƙa wa tuƙin jirgi da sarrafa makamansa shi ne na hafsoshin yaƙi, kuma daga cikinsu ake naɗa kwamandan jirgi. Babbar hanyar shiga ita ce Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, wadda aka buɗe cikin 1964. Ɗalibi yakan yi karatun digiri tare da horon soja, sa'an nan a kai shi Kwalejin Mayaƙan Ruwa ta Onne a Jihar Ribas ya koyi aikin jirgi. Bayan an ba shi muƙami, sai ya zauna a jirgi ƙarƙashin manyansa har ya sami takardar shaidar cewa ana iya bar masa jirgin da rayukan da ke ciki na tsawon sa'o'in gadinsa, dare ko rana.

Daga nan ne yake zaɓen fanni, a tura shi dogon kwas a makarantar Quorra da ke Apapa, Ikko. Fanni na farko shi ne sanin hanya. Mai wannan fanni shi ke lissafin inda jirgi yake da inda ya dosa, da taswira da rada da tauraron ɗan'adam. In na'ura ta mutu kuwa, sai ya koma ga rana da taurari, kamar yadda madugan Sahara suka yi a zamanin da. Na biyu shi ne yaƙin saman ruwa, watau igwa da makamai masu linzami da kare jirgi daga farmakin sama. Na uku shi ne yaƙin ƙarƙashin ruwa. Tun da yake rada ba ta ratsa zurfin teku, mai wannan fanni da sauti yake aiki: na'urarsa takan aika ƙara ta saurari dawowarta, ta haka yake gane jirgin da ya nutse ko nakiyar da aka dasa. Na huɗu shi ne sadarwa, watau aika saƙo a asirce da sauraron na abokan gaba.

Har wa yau akwai ƙananan fannoni, kamar leƙen asiri, da nutso, da tuƙin jirgin sama mai saukar ungulu, da safiyon teku. Masu safiyo su ne ke auna zurfin ruwa su zana taswira, domin kada jirgin kasuwa ya yi karo da tudun yashi. Don wannan aiki aka sayo jirgin Lana daga Faransa cikin 2021.

Ƙwarewa a fanni ita ce matakalar shugabanci. Hafsa yakan hau daga Laftanan zuwa Kwamanda, sa'an nan Kyaftin, wanda a ruwa daidai yake da Kanar na sojan ƙasa, yana kuma halartar kwas a Kwalejin Jaji. Mataimakin Adimiral Awwal Zubairu Gambo, mutumin Kano, gwanin yaƙin ƙarƙashin ruwa ne, ya kuwa shugabanci rundunar daga 2021 zuwa 2023. Kafin shi, Murtala Nyako na Adamawa ya riƙe wannan muƙami daga 1990 zuwa 1992. Rundunar kanta ta kafa sansani a Baga, bakin Tafkin Chadi, da kwalejin kula da kaya a Dawakin Tofa ta Jihar Kano.

To, abin da ke tare ɗan karkara shi ne raunin tushe. Duk waɗannan fannoni a kan lissafi da kimiyya da Turanci suka tsaya, iyo kuwa abu ne da ake koya cikin 'yan makonni. A yankin da 'yan bindiga suka addaba, kamar yadda sace ɗaliban Makarantar Kimiyya ta Ƙanƙara cikin Disamba 2020 ya nuna, kowace makarantar da aka rufe asarar hafsoshin gobe ce. Ya kamata ma'aikatan ilmi na ƙananan hukumomi su tabbata akwai malaman lissafi a makarantu, su kuma kai sanarwar jarrabawar shiga Makarantar Kaduna har ƙauyuka da wuri, domin yaron da bai ji labarin gurbi ba, ba zai neme shi ba.