Kalmar "Allah" a Bakin Kirista: Tsakanin Ɗayantakar Suna da Bambancin Hanya

1.0 Gabatarwa

Tambayar ko dukkan addinai suna kai mutum ga Ubangiji guda ta daɗe tana ɗaukar hankalin masana tauhidin Kirista. A Nijeriya tambayar ta shafi harshe kai-tsaye, domin Kirista mai ibada da Hausa da maƙwabcinsa Musulmi da kalma ɗaya suke kiran Mahalicci. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa tambayoyi biyu ne aka cakuɗa: ko abin da ake kira guda ne, da kuma ko kowace hanya tana kaiwa gare shi.

2.0 Sunan Mahalicci a Fassara

Masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa manyan harsunan Nijeriya ba su ƙago wa Mahalicci sabon suna ba. Fassarar Yarbanci ta 1884, wadda Samuel Ajayi Crowther ya yi wa aiki, ta ɗauki Olorun. Ta Ibo ta 1913 ta ɗauki Chineke. Ta Hausa ta 1932 kuma ta ɗauki Allah da Ubangiji. Kalmar Allah ararriya ce daga Larabci, 'yar dangi ɗaya da Alaha ta Aramanci da Eloah ta Ibrananci, kuma Kiristocin Larabawa da ita suke addu'a. Ta yi kaka-gida a Hausa har Maguzawa, kamar yadda Greenberg (1946) ya nuna, da ita suke kiran wanda ke bisa iskoki. Saboda haka mai fassara ya tarar da kalmar a bakin jama'a ne, ya yi amfani da ita.

3.0 Ra'ayoyi Uku

Race (1983) ya kasa matsayin Kirista game da sauran addinai gida uku.

Na farko shi ne ra'ayin hanya tilo, wanda ke dogaro da Yohanna 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12, ya ce ba a samun ceto sai ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu. A Nijeriya babban mai kare shi shi ne Byang Kato, ɗan Kwoi ta Jihar Kaduna ta yanzu. A littafinsa na 1975 ya soki Idowu da Mbiti, yana ganin yadda suka ɗaukaka addinan gargajiya na iya kai ga cewa kowa zai tsira ko da wace hanya ya bi. Duk da haka Kato bai musanta cewa Jaba, mutanensa, sun san da Mahalicci tun kafin zuwan 'yan mishan ba. Abin da ya musanta shi ne wannan sanin ya isa ceto.

Na biyu shi ne ra'ayin da ke cewa ceto daga Almasihu yake, amma alherinsa na iya riskar wanda bai san shi ba. Nan ne Majalisar Fatikan ta Biyu ta karkata. Takardarta ta 1964 game da ikilisiya ta ambaci Musulmi a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya tare da Kirista, ta 1965 kuma ta yi maganarsu da girmamawa. Amma a 2000 wata takardar Fatikan ta jaddada cewa wannan ba ya nufin addinai duka daidai suke.

Na uku shi ne ra'ayin hanyoyi da yawa, wanda John Hick ya yi fice da shi tun 1973. A ganinsa manyan addinai amsoshi ne daban-daban ga gaskiya ɗaya. Yawancin ikilisiyoyi ba su karɓe shi ba, domin yana bukatar a sassauta koyarwar allahntakar Almasihu.

4.0 Nuni da Ma'ana

Ilimin ma'ana ya bambanta abin da kalma ke nuni gare shi da siffofin da ake ɗora mata. Mutum biyu na iya nufin sarki ɗaya, alhali sun saɓa a kan halinsa da yadda ake shiga fadarsa. Kirista da Musulmi sun haɗu a kan cewa Allah shi ne Mahalicci, ɗaya, mai hukunci a ranar ƙarshe. Sun rabu a kan Triniti da gicciye da matsayin Yesu. Rabuwar ba ƙarama ba ce, kuma tarayyar suna ba ta kawar da ita. Haka kuma hana kalmar ba ya warware ta. A Malesiya an kai batun kotu: a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta hana wata jaridar Katolika amfani da Allah, a 2021 kuma wata babbar kotu ta yanke cewa dokar hanin ta 1986 ta saɓa wa tsarin mulki.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa fassara ta amsa tambayar farko a aikace, tun da ta amince da sunayen da ta tarar. Tambaya ta biyu kuwa ta akida ce, kuma mafi yawan Kirista amsarsu ita ce hanyoyin ba ɗaya ba ne. Aikin masanin harshe, musamman mai tsara ƙamus, shi ne ya rubuta yadda kowane ɓangare yake amfani da kalmar, ba tare da ya mallaka wa ɗaya ita ba.