Ko Ka Sani? Daga Soket Ake Fara Haɗa Kwamfutar Gem

Ko ka san cewa idan yaro ya zauna yana buga ƙwallo a eFootball ko FC, ba bidiyo kwamfutar ke kunna masa ba? Zana hoton take yi nan take, sabo fil, sau 60 a cikin daƙiƙa guda. Allon da ake kira 1080p yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimilla 2,073,600. Ninka wannan sau 60, za ka samu ɗigo fiye da miliyan 124 a kowace daƙiƙa, kuma ko wanne sai an lissafa launinsa da haskensa da inuwar da ta faɗo masa kafin ya bayyana. Idan lissafin ya yi jinkiri, nan ne za ka ji yara na cewa gem ɗin yana sarƙewa.

Furosesa, wadda ake kira ƙwaƙwalwar kwamfuta, ba ta iya wannan aiki ita kaɗai. Ma'aikatanta kaɗan ne, shida ko takwas a irin waɗanda talaka ke saye, sai dai kowannensu gwani ne. Katin hoto kuwa, girafik kad a bakin 'yan kasuwa, gayya ce. Duk wanda ya ga dashen shinkafa a fadamun Tudun Wada ya san cewa gwani ɗaya, komai zafin namansa, ba zai kamo mutum ɗari da suka jeru suna dasa kunya guda-guda ba. Katin RX 580, wanda kamfanin AMD ya fitar a 2017, yana ɗauke da ƙananan masu lissafi 2,304. GTX 1650 na kamfanin Nvidia, na 2019, yana da 896. Ko wannensu ƙaramin lissafi ya iya, amma tare suke yin sa. A 1999 ne Nvidia ya fitar da GeForce 256 ya tallata shi a matsayin GPU na farko, wato ƙwaƙwalwar katin hoto, a 2006 kuma AMD ya saye kamfanin ATI na Kanada, daga nan kasuwar ta zama kusan ta su biyun.

Shi ya sa saurayin da ya taso daga Kofa ko Kiru ya shiga Titin Beirut a Kano da kuɗin da ya tara, tambayarsa ta farko ita ce wane kati zai saya. A ganina ya fara ta inda ya kamata ya ƙare. Masu ba da shawara a YouTube da yake kallo suna zaune ne a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa, cikin ɗakunan da sanyinsu bai wuce digiri 22 ko 23 ba. Mutumin kudancin Kano kuwa tambayarsa ta farko ita ce: me zai ciyar da wannan na'ura?

Ga lissafin. RX 580 shi kaɗai yana shan wat 185 idan wasa ya yi zafi. Haɗa da furosesa mai wat 65, da madabod, wato babban faifan da ake dasa sauran kayan a kai, da fankoki da allo, sai ka tashi da wajen wat 300. Wasan awa huɗu ya ci yunit ɗaya da ɗigo biyu ke nan a mita. Idan da sola kake aiki, batirin inbata mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe wat 2,400 na awa guda a rubuce, amma irin na ruwa ko na jel rabinsa kawai ake so a sha idan ana son ya yi ƙarko. Wato wannan kwamfuta za ta shanye rabon batirin cikin awa huɗu ko ƙasa da haka, ba a kunna fanka ko fitila ba. Uwar gida ba za ta yafe maka ba.

Abin dariya, a Ƙaramar Hukumar Bebeji dam ɗin Tiga yake, wanda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma tashar lantarki mai megawat 10 da gwamnatin Kano ta yi a jikinsa za ta iya kunna irin wannan kwamfuta fiye da 33,000 a lokaci guda. Sai dai an tsara wutar ne don matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun titin birni. Ɗan Tiga, kamar ɗan Doguwa, wutar KEDCO yake jira, ko janareta, ko rana.

To, idan wutarka ta sola ce ko ta ƙaramin janareta, katin da ya dace da kai shi ne mai ƙarancin ci. Ramin da ake soka kati a madabod yana ba da wat 75 da kansa, kuma akwai katuna irin su GTX 1050 Ti da yawancin GTX 1650 da wannan ya ishe su, ba sa neman ƙarin waya. Mai ɗan ƙarfi ya dubi GTX 1660 Super, wat 125, ko RX 6600 na 2021, wanda ke shan wat 132 amma ya fi RX 580 aiki nesa ba kusa ba. Tsohon kati yana da araha a shago, tsadarsa a gida take fitowa.

Akwai ma hanyar da ba ta bukatar kati sam. Furosesar Ryzen 5 5600G, wadda ta fito a 2021, tana da sashen zana hoto a cikinta, kuma duka-duka wat 65 aka yi mata. Ba za ta ba ka sababbin manyan wasanni a ƙololuwar kyansu ba, amma ƙwallo da GTA V za su tafi idan ka sassauta saitin. Ranar da kuɗi suka samu sai ka ƙara kati, ba ka zubar da komai ba. Sharaɗinta guda ne, kuma nan mutane da yawa ke tafka asara: daga ram, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfutar, take aron wurin aiki, don haka sanda biyu masu giga 8-8 sun fi sanda ɗaya mai giga 16, domin hanya biyu suke buɗe mata a maimakon ɗaya. Kuɗin kusan ɗaya ne, gudun ba ɗaya ba.

Yanzu ga kayan da ba wanda ke alfahari da shi, fawa fak, akwatin ƙarfen nan da ke karɓar wutar bango mai bolt 230 ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3. Shi ake bari sai ƙarshe, a saya da canjin da ya rage, alhali duk sauran kayan ta hannunsa suke cin abinci. Mai arahar da aka rubuta wa wat 500 a jiki sau da yawa ba ya iya ba da abin da ya faɗa, kuma ranar da zai mutu ba lallai ya tafi shi kaɗai ba. Yakan ja madabod ko katin su tafi tare. Duba takardar da ke gefensa, ka ga nawa yake bayarwa a layin bolt 12, domin daga nan kati da furosesa ke sha. Duba ko an rubuta yana karɓar bolt 100 zuwa 240: irin wannan ya fi jure ranakun da wuta ke zuwa da rauni, ƙwai yana ja kamar garwashi. Tambarin 80 Plus, wanda aka fara a 2004, yana nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja tana isa ga kayan, sauran ta zama zafi. Ba shaidar ƙarko ba ce, amma wanda ko ita ba shi da ita, ka bar wa mai shi. Sannan ka ware kuɗin sitabilaiza ko UPS tun farko. Mutanen Doguwa da Riruwai, inda damina ta fi ƙarfi da tsawa, su riƙa zare filogi ɗungurungum idan hadari ya haɗo. Kashe makunni kawai bai isa ba.

Ina wat 300 ɗin nan ke tafiya? Kusan dukkansu zafi suke zama, a cikin ɗakinka. Fanka kuma ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take turawa. Katin da aka gwada a Turai ya tsaya a digiri 70, idan ka kawo shi ɗakin kwano a watan Afirilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40, zai haura 85. Ba zai ƙone nan take ba, domin an koya masa ya rage gudu da kansa idan ya ji jiki. Yawancin katunan Nvidia daga wajen digiri 83 suke fara ja da baya. Ma'ana ka biya kuɗin gudun da ba za ka samu ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ƙurar hunturu ce ke toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke fitar da zafi. Don haka akwati mai raga a gaba da fanka biyu ko uku ya fi mai gilashi da fitilu masu walƙiya. Ka ɗora shi a kan tebur, ba a ƙasa ba, ka riƙa busa shi da bulowa kana riƙe da fankar kada ta juya.

Kayan hannu ba laifi ba ne, mafi yawanmu da su za mu fara. Amma ka san tarihinsu. Katunan hoto da dama sun yi shekaru suna haƙar kuɗin kirifto dare da rana, har zuwa 15 ga Satumba 2022 da Ethereum ya sauya tsari ya daina bukatarsu, sai aka antayo su kasuwannin duniya. Wasu lafiyarsu ƙalau, wasu fankarsu ta gaji. Akwai kuma wanda ake kira RX 580 2048SP, wanda yawan masu lissafinsa daidai yake da na ƙaninsa RX 570. Manhajar GPU-Z, kyauta ce, za ta nuna maka ainihin abin da ke ciki. Kada ka biya sai an kunna gem a gabanka na rabin awa, kana kallon zafin, kana duba ko zane-zane ko ɗige-ɗige na fitowa a allo. Wanda zai koma Doguwa ta Kwanar Dangora da dajin Falgore ba shi da halin dawowa gobe ya ce a canja masa.

Wasu kan sayi tsohuwar kwamfutar ofis, irin Dell OptiPlex, su soka mata kati mai wat 75. Dabara ce mai kyau, muddin ka lura cewa siraran cikinsu gajeren kati kawai suke ɗauka, kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga Intel zubi na takwas yake farawa. Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Furosesar Intel ba ta shiga madabod ɗin AMD. Ram DDR5 ba ya shiga ramin DDR4, kada ka danna da ƙarfi. A wajen ma'ajiya, SSD mai giga 500 shi ne mafi ƙanƙanta, tunda wasa ɗaya na yanzu kan ci giga 100, kuma ka lissafa kuɗin datar sauke shi.

Idan an buɗe maka madabod, ka dubi dubban ɗigon liƙin da ke riƙe da kayanta. Tun da Tarayyar Turai ta taƙaita gubar dalma a kayan lantarki a 2006, mafi yawan wannan liƙi kuza ne, kuma kusan rabin kuzan da duniya ke amfani da shi a irin wannan aiki yake ƙarewa. Maƙeran Riruwai sun riƙa narka kuza suna sayar da shi siri-siri kamar tsinke tun kafin zuwan Turawa. Ma'adinin da ke haɗa na'urar yana nan a duwatsunmu, haɗaɗɗiyar ce muke saye da dala.

Saboda haka ɗan'uwa, kafin ka hau motar Kano, ka fara auna wutar gidanku, ka rubuta wat nawa za ta iya ɗauka. Fitar da kuɗin fawa fak mai kyau da sitabilaiza ka ajiye gefe, abin da ya rage shi ne kuɗin katinka.