Gini Ya Bi Ƙasarsa Kafin Ya Bi Sunan Maginin

Duk wanda ya bi ta Hunkuyi, Kudan, Makarfi ko Ikara a 'yan shekarun nan zai lura da sababbin gidajen bulo masu dogon rufin kwano mai tsini da manyan tagogin gilas. An kwafo su ne daga Abuja, su kuma can sun kwafo daga Turai, inda ake tsayar da rufi haka domin ƙanƙara ta zame. Mai gida na son a ce gidan wane ne, mai zane na son a gane hannunsa. Amma da bazara ta kama, a watan Maris da Afrilu, sai ka iske mutanen gidan sun shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ɗaki ya gagari kwana.

Magina na da sukan fara duba wurin tukuna. Katangar tubali mai kauri tana shanye zafin rana, ba ta sake shi sai dare ya yi. Da yake hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas ake fi yaɓe wa makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa. Azarar giginya ba ta jin gara, sai dai ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a ɗaki mai faɗi. Wannan ƙalubale ne ya haifar da bakan gizo. Da shi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe Masallacin Juma'a na Zariya a wajajen shekarun 1830. Har gobe ana gane hannunsa, alhali da kayan ƙasar Zazzau ya yi aikin.

Duniya ma ta shaida wannan hanya. Masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar, wanda Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya ci lambar Aga Khan a 1986. Francis Kéré na Burkina Faso, da ya gina makarantar ƙauyensu Gando da bulon ƙasa, ya ɗaga kwano sama domin iska ta ratsa, ya karɓi lambar yabo ta Pritzker a 2022.

Ginin ƙasa na buƙatar yaɓe kafin damina, siminti kuma yana da ranarsa, musamman a harsashi. Don haka kafin ka ba da kuɗin bulo, tambayi magininka: ta ina rana ke faɗuwa, ta ina ruwa ke bugu, ina iska za ta fita? In ya amsa waɗannan, sai a zo maganar ado.