Jirgin Sama Da Sana'ar Uwargida A Ƙauye

A filinmu na yau za mu duba wani al'amari wanda da jin sa za a ce ai wannan zancen maza ne da manyan attajirai, watau zancen jirgin sama. To, amma uwargida ki ɗan saurara. Akwai mata da yawa a Ɗan Isa da sauran garuruwan ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi waɗanda ba su taɓa taka matakalar jirgi ba, alhali kuwa aikin hannunsu ya sha shiga. Hular da aka ɗinka a ɗaka, da yajin da aka daka a tsakar gida, da daddawa, da garin kuka, duk sukan bi jakar matafiya su sauka Jidda ko Hartum ko Landan. Abin tambaya shi ne, ta wace hanya suke bi, kuma wa yake cin ribarsu?

Dalilin da ya sa jirgi ya zaɓi birni

Jirgin sama ba ya sauka inda ya ga dama. Yana bukatar shimfiɗaɗɗen fili, wanda na manyan jirage yakan kai kilomita 3 ko fiye, da ma'ajiyar mai, da wutar lantarki, da makanikai, da na'urorin da za su ja matuƙi zuwa ƙasa idan hazo ya rufe gari lokacin hunturu. Fiye da waɗannan duka, yana bukatar jama'ar da za su cika kujerunsa da 'yan kasuwar da za su cika cikinsa da kaya. Irin waɗannan abubuwa kuwa sai a birni ake samunsu a tattare.

Saboda haka ne Kano ta riga kowa. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, Kasuwar Kurmi ta riƙa karɓar ayarin fatake daga hamada. Dogon jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A watan Nuwamba na 1925 waɗansu jiragen sojan Ingila guda 3 da suka taso daga Masar suka sauka a filin wasan dawaki na Kano, wannan ce saukar jirgin sama ta farko a Nijeriya. A 1936 aka soma jigilar wasiƙu da fasinja.

Jiragen wancan zamani ba su iya doguwar tafiya ba tare da sun tsaya shan mai ba, don haka da yawa daga cikin waɗanda suka ƙetaro hamada daga Turai sukan ya da zango a Kano. Da aka ƙera jirage masu dogon zango, sai suka riƙa wucewa ta sama. Kamfanin KLM na ƙasar Holan, wanda ya soma zuwa Kano tun 1947, ya daina a 2012. Amma alhazai da masu Umara da 'yan kasuwa sun ci gaba da riƙe filin, domin su a nan garin suke. Zariya kuma ta sami Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama a 1964, kuma a nan ne Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Nijeriya, ta yi karatu, har ta shugabanci kwalejin daga 2011.

Ƙauran Namoda ita ma ta ɗanɗana irin wannan arziki, amma ta hanyar ƙasa. Dogo ya iso ta a 1929 daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, kuma a nan ya tuƙe. Gyaɗa da auduga da fatu na wannan yanki duk a tasharta ake loda su, gari ya cika da baƙi, masu tuwo-tuwo da masu ƙuli-ƙuli suka sami ciniki. Da harkar reluwe ta ja baya, sai kayan yankin suka koma bin mota, ta Gusau da Tsafe da Funtuwa har Kano, inda jirgin sama yake.

Jirgi yana da nasa ma'auni

Uwargida ta saba da mudu da tiya. Shi kuwa jirgi da sikeli yake aiki, domin kowane kilo da ya ɗauka mai yake sha. Kamfanoni da yawa kilo 23 suke yarda wa fasinja a jaka guda, abin da ya ɗara haka sai an biya, kuɗi kuwa ba kaɗan ba. Wannan ƙa'ida ita ce ta raba sana'o'inmu gida biyu.

Akwai waɗanda jirgi yake so, watau kaya marasa nauyi, busassu, masu daraja. Hular hannu tana kan gaba, domin jaka guda tana iya ɗaukar fiye da ɗari. Haka nan turaren wuta, da yaji, da busasshiyar kuɓewa, da kuka, da daddawa, da ƙananan kayan fata, da faifai mai ado. Akwai kuma waɗanda jirgi ya ƙi. Tukunyar ƙasa ga nauyi ga fashewa. Turmi da taɓarya ba a ma zancensu. Riɗi da zoɓo da ake fita da su buhu-buhu, ta jirgin ruwa suke bi, wannan kuwa harkar manyan 'yan kasuwa ce. Ke nan mai ginin tukwane kasuwarta tana nan gida, mai ɗinkin hula kuwa kasuwarta ta kai duk inda Bahaushe yake zaune, daga unguwannin Makka da Madina har zangunan Kumasi da Ankara.

Bayan nauyi akwai dokoki, kuma jahiltarsu ta jawo wa mutane hasara mai yawa. Tun 2006 aka taƙaita abu mai ruwa a jakar hannu, ba a yarda ya wuce mililita 100 a kwalba guda ba, watau bai kai rabin kofin shayi ba. Man shanu da man gyaɗa da zuma sai dai a babbar jaka, can ma idan murfin bai kamu sosai ba sai su tsiyaye, domin iskar cikin jirgi takan sassauta idan ya yi sama, ta cikin kwalba kuma ta turo murfi. Amurka da Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai ba su yarda matafiyi ya shigo musu da nama daga ƙasashenmu, don haka kilishi da dambun nama, kome daɗinsu, a filin jirgi ake ƙwace su. A 2015 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Nijeriya, saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Kin ga ashe abin da aka zuba a rumbu a ƙauye, a Turai ake gane shi.

Abin da jirgi yake saukewa

Jirgin da ya tafi da kaya ba ya dawowa wofi. Iyayenmu sun san tsarabar Makka ta dā: dabino, da zamzam, da tasbaha, da darduma, da haƙorin Makka. Daga baya aka sami mata 'yan Kano-Jidda, waɗanda suka mai da tafiyar sana'a, suna kai kayan gida suna dawowa da gwal da dogayen riguna da mayafai. Sa'an nan hanya ta buɗe zuwa Dubai da ƙasar Sin. Waɗannan mata sun nuna cewa mace tana iya juya dukiya tsakanin ƙasa da ƙasa, wannan kuwa abin yabo ne.

Sai dai abin da matan birni suka gani suka so, shi ne yake bin mota ya iso kasuwar Shinkafi ran Alhamis, daga nan ya shiga ƙauyuka. Roba ta kori ƙwarya daga madafi, tabarmar leda ta kori ta kaba, hular inji mai araha ta zauna kusa da ta hannu a rumfa ɗaya. Saƙar zanen gida kuwa ta daɗe da ja da baya a gaban yadin kanti. Macen da ta yi makonni tana sunkuye da zare da allura, da me za ta yi gasa da injin da yake fitar da huluna barkatai a wuni guda?

Amma fa birnin nan da ya karya waɗansu sana'o'i, shi ne kuma yake ta da waɗansu. Yau a Kano da Kaduna da Abuja ana neman faifai da ƙwarya da ludayi domin adon wurin biki da jeren amarya. Masu shagunan fura suna son ƙwarya mai zane. Mai hali kuma har gobe ya san bambancin hular hannu da ta inji, yana biyan kuɗinta ba ya ƙyashi. Matan da suka yi aure a ƙasashen waje suna aikowa a saya musu daddawar kalwa ta ainihi. Ashe kasuwa tana nan, ta dai sake wuri ne.

Kura da shan bugu

Mu bi hula guda mu ga tafiyarta. Wani ya ba da yadi da zare da zane. Uwargida ta ɗinka, aka biya ta ladan ɗinki. Dillali ya tara ya kai Gusau ko Kano. A birni mai wankin hula ya wanke ta, ya sa mata sitaci, ya ɗora a kan katako ta miƙe. Mai rumfa ya sa ta a leda ya jera. Wani ya sara ya hau jirgi da ita. Kowane hannu da ta bi sai kuɗinta ya ƙaru, amma wadda idonta da bayanta suka sha wuyar, ita ce mai ƙaramin rabo, kuma galibi ba ta san nawa aka sayar a ƙarshe ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Rashin zaman lafiya ya ƙara tsananta abin. Hanyoyin Ƙaura zuwa Shinkafi da Zurmi sun sha fama da 'yan bindiga, kuma duk lokacin da hanya ta yi wuya, dillali ne yake yanka farashi yadda ya so. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta hana jirage shawagi a sararin Jihar Zamfara, a Satumba na wannan shekara kuma aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya na wani lokaci. Mata da yawa jarinsu a wannan lokaci ya shiga tukunya.

Shekaru masu yawa alhazan Zamfara sai sun je Sakkwato suke hawa jirgi. A 2024 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da aikin gina babban filin jirgin sama a Gusau. Filin jirgi a kusa alheri ne, domin yana rage nisa da yawan hannuwan da kaya suke bi. Amma ba zai zo har tsakar gida ya ɗauki kayan kowa ba, wadda ta shirya ita za ta amfana.

Shawara ga uwargida

Da farko, ki san kuɗin aikinki. Ki tambayi ɗanki ko ƙanenki da yake birni, ko 'yarki da take karatu a Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, su bincika miki nawa ake sayar da irin kayanki a Gusau da Kano. Ki lissafa zare da yadi da kwanakin da kika ɓata. Wadda ta san farashi ba a yi mata wayo sau biyu.

Na biyu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata goma da suke adashi tare suna iya sayen zarensu da kansu a sari, su tara hulunansu su aika da amintacce guda ɗaya. Mai hula hamsin tana da bakin yin ciniki, mai guda ɗaya kuwa sai abin da aka ba ta.

Na uku, tsabta da ƙunshi. A shanya kuka da kuɓewa a kan tabarma mai tsabta, nesa da ƙura da kaji, a tabbata sun bushe ƙayau kafin a ɗaure. A bar zuba wa wake da hatsi maganin da ba na abinci ba. Akwai buhu mai ninki uku wanda yake kashe ƙwari ta hanyar hana su iska. Idan sana'a ta kai ga sa kaya a leda mai suna ana kai wa kantuna, a nemi rajistar hukumar NAFDAC.

Na huɗu, kada ki bai wa matafiyi saƙo sai ya san abin da yake ciki, ke ma kada ki karɓi ƙunshin da ba ki buɗe kin gani ba. Mutane da yawa sun shiga wahala a filayen jirgi na ƙasashen waje saboda kayan da ba nasu ba.

Daga ƙarshe, ki koya wa 'yarki sana'ar, ki kuma bar ta ta yi karatu. Yarinyar da ta iya ɗinki ta kuma iya lissafi da rubutu, ita ce za ta ɗauki hoton kayanki a waya ta yi magana da mai saye kai tsaye. Wa ya sani ko a cikinsu za a sami wadda za ta tafi Zariya ta koyo tuƙin jirgin da kansa?

Muna jiran wasiƙunku, musamman masu ɗinkin hula da masu saƙar faifai na ƙasar Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, ku gaya mana yadda ciniki yake a wajenku. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a sana'o'inmu, amin.