Ƙananan Gungun Taurari na Farkon Zamani

Haske yakan ɗauki lokaci kafin ya iso gare mu, don haka mai kallon nesa abin da ya wuce yake gani. Madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba a 2021, yana nuna gungun taurari yadda suke fiye da shekara biliyan 13 da suka shige.

Yawancinsu ƙanana ne, amma suna haifar taurari masu tsananin zafi. Iskarsu kusan duk haidirojin ce da hiliyam, domin a cikin taurari ake samar da oksijin da ƙarfe. Duk da haka, a 2025 an gano oksijin a gungun JADES-GS-z14-0, wanda haskensa ya taso kimanin shekara miliyan 290 bayan farkon sararin samaniya. Ashe tun lokacin wasu taurarinsa sun riga sun fashe, sun watsa abin da ke cikinsu.