Ko Kun Sani? Abin da ya sa waƙar rabuwa ke sanyaya zuciya

Ko kun san ƙwaƙwalwa na jin raɗaɗin rabuwa da masoyi kusan yadda take jin ƙuna a fata? A shekarar 2011, Ethan Kross na Jami'ar Michigan ta Amurka da abokan aikinsa sun gwada mutum 40 da masoyansu suka guje su cikin watanni shida kafin gwajin. Aka sa kowa cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka nuna masa hoton tsohon masoyinsa. A wani zagayen kuma aka ɗora masa abu mai zafi a hannu. Wasu sassan ƙwaƙwalwa da suka motsa lokacin zafin, su ne suka motsa lokacin kallon hoton.

To me ya sa mai irin wannan ciwo ke neman waƙa mai sa kuka? A 2014, Liila Taruffi da Stefan Koelsch na birnin Berlin sun tambayi mutum 772 kan waƙoƙin baƙin ciki. Abin da mutanen suka fi ambata shi ne kewar abin da ya wuce, da samun rarrashi. Mawaƙi na furta abin da ya tokare maƙogwaron mai sauraro, ya kuma nuna masa ba shi kaɗai abin ya shafa ba.

Alal misali, mawaƙiya Adele ta Ingila ta rubuta kundin waƙoƙinta mai suna "21" bayan rabuwa da saurayinta. An sayar da fiye da kwafi miliyan 30.