Gyaran Tsohuwar A-kori-kura Don Jan Kaya: A Fara Daga Ƙasa, Inji Ya Zo Ƙarshe



Duk wanda ya san harkar dabba a Sabha ya san babbar mota iyakarta ta kawo kaya ta sauke, sauran aikin kuwa na a-kori-kura ne. Ita ke kwasar raguna da 'yan maruƙa ta kai su gonakin Wadi Bawanis, watau Tamanhint da ke wajen kilomita 30 daga Sabha, da Samnu da Zigan a kan hanyar Jufra, inda wasu daga cikinmu kan ajiye dabba ta murmure daga wahalar hanya kafin ta shiga kasuwa. Ita ke kai dusa da sha'ir da ciyawa, ita ke jan tankin ruwa, in Babbar Sallah ta matso kuma a ɗaura mata ƙaramar tirela a baya don sawu biyu su zama ɗaya. Mafi yawan motocin nan tsofaffin Hilux ne da Land Cruiser, wasu sun haura shekara 30 suna aiki.

To, da zarar mota ta fara nishi a kan tudu, shawarar da mai ita kan fara ji a gareji ita ce, "Alhaji, a ɗora mata babban inji, a ƙara mata ganyen sifirin, shi ke nan ta zama giwa." Abin da muke so mu jawo hankalin 'yan ƙungiya a kai shi ne, inji ja yake yi, ba shi ke ɗaukar nauyi ba, ba shi ke tsayar da mota ba. Wanda ya fara kashe kuɗinsa a kan inji ya ƙara wa motarsa gudu ne alhali ƙafafunta na nan yadda suke.

Wani abin da ke ruɗin mutane shi ne sunan da motocin nan suka yi. Tun yaƙin Cadi da Libiya na 1987, wanda har ake kira yaƙin Toyota, jama'a suka ɗauka babu abin da ke karya su. Amma motar da ta yi wancan suna ba ta yi shekara 30 tana dakon raguna ba tukuna, kuma ba tirela take ja ba.

LISSAFIN NAUYI

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a zauna a yi lissafi. Kowace mota akwai ɗan allon ƙarfe da kamfani ya liƙa mata, a jikin ƙofa ko wajen inji. A duba shi da takardun motar a ga iyakar nauyinta. Hilux abin da za ta ɗauka bai wuce kimanin tan ɗaya ba, kuma a ciki ake lissafa direba da yaransa. Durom ɗin ruwa mai lita 200 kilo 200 ne, ban da nauyin durom ɗin. Durom ɗin man gas wajen kilo 170. Mutum uku, a ce kilo 200. Safayar taya biyu da jak da kayan gyara, a ce kilo 100. Kun ga an cinye kilo 670 dabba ba ta hau ba. Abin da ya rage bai fi sa ɗaya matsakaici ba, ko raguna biyar zuwa shida.

Sa'an nan dabba ba buhun gero ba ce. Buhu inda ka ajiye shi nan zai kwana, dabba kuwa in an taka birki gaba za ta zube, in an sha kwana duk su koma gefe guda. Saboda haka lodin dabba ya fi nauyinsa wahalar da mota. Shinge a tsakiyar bodi ko tirela, wanda zai raba su gida biyu, da yashi ko ciyawa a ƙasa don kada su zame, sun fi wani gyaran mai tsada amfani.

SHASI DA AKSIL

Abu na farko a sauke bodi, a wanke shasi, a duba shi da rana tsaka. Wuraren da ya fi tsagewa su ne bayan gidan direba da kuma inda kunnuwan sifirin suke kama shi. In akwai tsaga, mai walda ya huda ƙarshenta don kada ta ci gaba, ya cike, ya ɗora faci mai tsawo a gefe. Ƙugiyar jan tirela kuma a jikin shasi ake ɗaure ta, hagu da dama, da kusoshi masu ƙarfi. Mun sha ganin an yi waldarta a jikin bamba, bamba kuwa ba a yi ta don ja ba.

Aksil ɗin baya ma akwai bambanci. A Hilux, sandar da ke juya taya ita ce kuma ke ɗauke da nauyi, don haka in boris ya ƙone ko sandar ta karye, taya na iya fita mota na cikin tafiya. Mafi yawan Land Cruiser masu bodi kuwa gidan aksil ne ke ɗaukar nauyin, sandar juyi kawai take yi. Wannan ne ya sa wanda aikinsa kullum jan kaya masu nauyi ne, gara ya sayar da Hilux ɗin ya cika ya sayi tsohuwar Land Cruiser, da ya yi ta zuba kuɗi yana neman mai da jaki raƙumi.

SIFIRIN DA SHOKOZOBA

Ƙarin ganyen sifirin yana da amfani, domin yana hana mota zama a ƙasa. Amma bai ƙara wa boris ko taya ko birki komai ba. Ganye ɗaya ko biyu a kowane gefe sun isa, kuma su zama iri ɗaya hagu da dama. In aka jibga huɗu ko biyar, sifirin ya daina lanƙwasa, duk dukan da hanya ke yi sai ya wuce kai tsaye zuwa shasi da ƙafafun dabba. Wanda ya bi gargadar da ke tsakanin Dirku da Madama da Tummo ya san irin dukan da muke nufi. A ƙarshe shasi ya tsage, raguna su sauka suna ɗingishi, mai saye ya rage kuɗi. Shi kansa kamfanin, lokacin da ya fito da samfurin 79 a 1999 a madadin 75, tsawon ganyen baya ya ƙara don ya riƙa lanƙwasa da kyau, ya kuma sa sifirin mai nadi a gaba.

In an ƙara ganye, a sa sababbin kusoshin da ke rungume sifirin da aksil, da sabuwar kusar tsakiya da robobi, a kuma sake ɗaure su bayan tafiyar farko. Shokozoba a sa mai kauri, wadda tsawonta ya dace da sabon tsayin motar, domin ƙarama tana zafi a gargada ta daina aiki.

BIRKI DA TAYA

Nan ne rai yake. A yawancin motocin nan akwai wata 'yar na'ura kusa da aksil ɗin baya mai auna yadda mota ta zauna, ta ƙara wa birkin baya ƙarfi in lodi ya yi nauyi. In an ɗaga mota da ƙarin ganye ba a daidaita ta ba, sai ta ɗauka babu kaya, ta rage birkin baya alhali mota na cike. A ce wa bakanike ya gyara ta. A sauya man birki gaba ɗaya da tsofaffin robobinsa.

Tirela kuma, a ƙasashen Turai doka ba ta yarda a ja wadda ta haura kilo 750 ba sai tana da birkinta na kanta, kuma ba don wasa suka sa wannan iyaka ba. Tankin ruwa mai lita 1,000 ya riga ya wuce nan tun ba a lissafa ƙarfensa ba. Wajen lodi, kaya su ɗan fi yawa a gaban tayoyin tirela, yadda kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyinta zai danne ƙugiya. In nauyi ya koma baya, tirela za ta fara kaɗa wutsiya a kan kwalta har ta kayar da motar. A sa sarƙa biyu ban da ƙugiya.

Taya a nemi ta ɗaukar kaya, irin 7.50-16 mai kauri. In an rage iska don yashi, to da an hau kwalta a mayar. Taya mai ƙarancin iska ga lodi ga zafin kwaltar Fezan, fashewa take yi.

SANYAYA INJI

Da bazara zafin yankin nan kan haura digiri 40, ga gibli mai ƙura, ga ja da ƙaramin giya. Sau da yawa injin da ake cewa ya gaji zafi ne ke damunsa. A wanke lagireto ko a sa mai layi da yawa, a duba fanka da famfon ruwa, a daina zuba ruwan rijiya mai gishiri domin yana toshe hanyoyin ciki. Al'adar nan ta cire 'yar na'urar da ke daidaita zafin ruwa ma a bar ta. Matatar iska a riƙa kakkaɓe ta, a sa matatar da ke raba ruwa da man gas, musamman ga mai sayen mai a jarka. Bayan wannan a gyara nozul, a auna matsin inji. Mota da yawa a nan take warkewa ba an sauya komai ba.

SAI INJI

In an yi duk wannan inji bai isa ba, to a sauya shi da ɗan gidansu. Hilux mai 2L, lita 2.4, tana karɓar 3L mai lita 2.8 ko 5L mai lita 3.0 ba tare da yanke-yanke da yawa ba. Sai dai kan injin wannan dangi ba ya jure zafi, in ya tafasa yakan tsage. Land Cruiser mai 2H, lita 4.0, ana ɗora mata 1HZ mai lita 4.2 wanda ya fito a 1990, mai ƙarfin doki kusan 130. Ya fi kyau a saye shi haɗe da giyarsa da kulocinsa, a kuma tabbatar ko wutarsa 12 ce ko 24, don kada a ƙone kayan wuta. Shi 1HZ bel ne ke juya masa lokaci, saɓanin 2H mai haƙoran ƙarfe, saboda haka a sa sabo ranar da aka ɗora shi, a riƙa sauyawa duk kilomita 100,000.

Masu ɗora wa 1HZ turbo ko su buɗe famfon mai su yi hattara. Ba a gina shi don wannan ba, kuma baƙin hayaƙin da ake gani ana murna mai ne ke ƙonewa a banza yana gasa fistin. Injin fetur mai lita 4.5 yana da ƙarfi, a Libiya kuma ya yi farin jini saboda arahar fetur, amma yana sha, wanda zai ƙetara Nijar kuwa kowane durom da ya ƙara ya rage raguna uku ke nan. Ko wane inji ne, kada a ja kaya da giya ta biyar, ta huɗu ce mai jurewa.

Abu na ƙarshe takarda. Injin da ba shi da rasit, komai araharsa, a bar shi. A karɓi shaidar saye mai ɗauke da lambar inji, a je a gyara takardun mota su dace. Shingayen bincike suna da yawa daga Sabha zuwa Gatrun har bakin iyaka, kuma motar da aka tsare kwana uku da dabba a ciki, ribar tafiyar ta tafi, wani lokaci har da uwar kuɗi.

Shawararmu ga mai 'yan kuɗi kaɗan ita ce ya bi wannan jeri: shasi, birki, taya, sifirin, lagireto, sa'an nan inji in akwai saura. In kuɗin suka ƙare a tsakiya, yana da mota mai tafiya a hankali wadda za ta kai shi ta dawo da shi. Yawancin dabbar da muke ɗauka amanar mutane ce ko bashi, yaran da ke zaune a baya kuma 'ya'yan wasu ne. Sawu biyu lafiya sun fi sawu ɗaya da za a zo ana jajantawa.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a kasuwa, amin.